Jiragen Adua: Yadda Italiya ta ƙera jiragen ƙarƙashin teku 17 da sunayen garuruwan Afirka, guda ɗaya ya tsira

Tsakanin shekarar 1936 zuwa 1938 rundunar sojan ruwan Italiya ta karɓi sababbin jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku guda 17, dukkansu ƙira ɗaya, waɗanda aka san su da sunan na farkonsu, wato Adua. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da sunan wani gari ko dutse ko kogi ko tafki na ƙasar Habasha ko Eritriya ko Somaliya. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, guda ɗaya tak ya rage a hannun rundunar. Sauran 16 duk sun tafi: wasu abokan gaba ne suka nutsar da su, wasu masu tuƙa su ne suka nutsar da su da hannunsu don kada a kama su, wasu kuma sun kafe a kan duwatsun teku.

Duk da haka, biyu daga cikin hare-haren da suka fi girgiza sojan ruwan Birtaniya a Tekun Bahar Rum daga waɗannan jirage suka fito, kuma ɗaya daga cikin jiragen Birtaniya da suka ji jiki a hannunsu sunansa Nigeria. Tarihin jiragen Adua yana nuna yadda ƙasa za ta kashe dukiya mai yawa wajen tara makamai don irin yaƙin da take zato, sai yaƙin ya zo da wata siffa dabam. Inda aka ba jiragen aikin da ya dace da ƙirarsu sun yi ɓarna mai yawa. Inda aka baza su a teku ba tare da takamaiman abin nema ba, su aka riƙa farauta.

Asalin sunayen

Sunan Adua yana da nauyi na musamman a Italiya ta wancan zamani. A ranar 1 ga Maris, 1896, rundunar Sarki Menelik na Biyu ta ragargaza sojojin Italiya a kusa da garin Adwa, abin da ya tabbatar wa Habasha 'yancinta a daidai lokacin da Turawa ke rabon nahiyar Afirka. Wannan kashi ya tsaya wa 'yan kishin Italiya a rai har kusan shekara 40. Da Benito Mussolini ya aika da sojoji Habasha a ranar 3 ga Oktoba, 1935, Adwa na cikin garuruwan farko da suka kama, kuma aka yayata kamun a matsayin ramuwar gayya. Sojojin Italiya sun shiga Addis Ababa a ranar 5 ga Mayu, 1936, bayan yaƙin da suka yi amfani da iskar guba a cikinsa a kan sojoji da fararen hula. Kwana huɗu bayan haka Mussolini ya shelanta kafuwar daular Italiya a Gabashin Afirka.

A wannan yanayi na murna da alfahari aka raɗa wa sababbin jiragen suna. Aradam, Tembien, Scirè da Ascianghi filayen daga ne na 1936. Axum shi ne Aksum, tsohon birnin sarauta wanda Italiya ta kwashe doguwar hasumiyarsa ta dutse zuwa Roma a 1937, ba a mayar da ita ba sai 2005. Macallé shi ne Mekele, Dessiè shi ne Dessie, Neghelli shi ne Negele, Dagabur kuma Degehabur na yankin Ogaden. Uebi Scebeli kogin Shabelle ne, Beilul gari ne a gaɓar Eritriya, Lafolè da Uarsciek da Durbo kuwa wurare ne a Somaliya. Sauran su ne Alagi, daga dutsen Amba Alagi, sai Gondar. Wanda ya karanta jerin sunayen nan tamkar ya karanta taswirar mamayar ce kamar yadda masu mamayar suka rubuta ta.

Dalilin ƙera ƙananan jirage da yawa

Italiya ƙasa ce da teku ya kewaye ta ta fuska uku, kuma a shekarun 1930 mafi yawan kwal da man da masana'antunta ke amfani da su daga waje ake kawo su. Manyan abokan hamayyarta a Bahar Rum su ne Faransa da Birtaniya. Birtaniya ce ke riƙe da ƙofofin tekun biyu, Jibraltar a yamma da mashigin Suez a gabas, ga kuma tsibirin Malta a tsakiya, kusa da Sisili. Italiya ba ta da ƙarfin arzikin da za ta yi gogayya da ƙasashen biyu a yawan manyan jiragen yaƙi masu sulke. Jirgin ƙarƙashin teku kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma ƙaraminsa na iya nutsar da babban jirgin da aka shekara huɗu ana ƙerawa.

Wannan lissafi ne ya haifar da jerin jiragen da ake kira "600", saboda nauyinsu na asali yana wajen tan 600. An ƙera su kashi-kashi: Argonauta guda 7, Sirena 12, Perla 10, Adua 17, sai Acciaio 13 da aka kammala bayan an shiga yaƙi, jimla 59. Kashin Adua shi ne na huɗu kuma mafi yawa, kuma kusan kwafin Perla ne da 'yan gyare-gyare. Masana'antu uku suka raba aikin: ta Monfalcone a arewa maso gabashin ƙasar, ta Muggiano kusa da La Spezia, da ta kamfanin Tosi a Taranto. Ƙirar ta samu kasuwa a waje ma, domin Brazil ta sayi guda uku a 1937, Italiya ta ƙera wasu uku ta maye gurbinsu da sunayen da aka tanada musu tun farko.

Ranar da Italiya ta shiga yaƙi, 10 ga Yuni, 1940, tana da jiragen ƙarƙashin teku fiye da 110. Tarayyar Sobiyat ce kaɗai ta fi ta yawa, kuma Jamus ta fara yaƙin a 1939 da kusan rabin wannan adadi.

Yadda aka tsara jirgin

Tsawon jirgin Adua ya ɗan haura mita 60, faɗinsa kuma kusan mita 6 da rabi. Nauyinsa a saman ruwa yana kusa da tan 700, idan ya nutse kuma ya kai wajen tan 850. Bambancin nan ruwan teku ne. Jirgin yana da tankuna da ake buɗe wa ruwa ya shiga idan ana son nutsewa. Idan ana son tasowa sai a hura iska mai ƙarfi ta kori ruwan, jirgin ya yi sauƙi ya taso. Gangar jikinsa guda ɗaya ce ta ƙarfe mai kauri, da ƙarin tankuna a gefe biyu da ke taimaka masa daidaituwa, bisa tsarin injiniyan sojan ruwa Curio Bernardis. Iyakar zurfin da aka amince ya kai shi ne mita 80.

Kamar sauran jiragen zamaninsa, yana da injuna iri biyu. A saman ruwa injunan dizal biyu ne ke tura shi, yana gudun kusan kilomita 26 a awa, kuma idan ya rage gudu yana iya cin kusan kilomita 5,900 kafin mai ya ƙare. Injin dizal yana buƙatar iska, don haka da zarar an nutse sai a kashe shi a koma kan injunan lantarki biyu da ke shan wuta daga manyan batura. A ƙarƙashin ruwa iyakar gudunsa kusan kilomita 14 ne a awa, kuma wannan gudun yana cinye batir cikin ɗan lokaci. Idan aka lallaɓa a kan kilomita 7 a awa, batir na kai shi kusan kilomita 137. Daga nan dole ya taso, yawanci da dare, ya kunna dizal ya cika batura, mutanen ciki kuma su shaƙi sabuwar iska. Ma'anar wannan ita ce jirgin yana shafe sa'o'i da yawa na kowace rana a fili, kuma a waɗannan sa'o'in ne aka fi kama shi.

Babban makaminsa shi ne topido, wani dogon bam mai injin kansa da ke gudu a cikin ruwa har ya daki cikin jirgin abokan gaba. Akwai bututun harbawa guda shida masu faɗin milimita 533, huɗu a goshi biyu a baya. A kan bene akwai igwa mai bakin milimita 100 don ƙananan jirage, da bindiga mai sarrafa kanta don kakkaɓo jiragen sama. Mutum arba'in da 'yan kai ne ke rayuwa a cikin wannan bututun ƙarfe, tsakanin injuna da batura da makamai, tsawon makonni.

Idan aka auna da sauran jiragen Italiya, na jerin 600 suna cikin waɗanda suka fi dacewa da Bahar Rum: suna da ƙarfin jiki, suna da sauƙin juyawa, kuma ƙanƙantarsu ta fi dacewa da teku mai ƙunci fiye da manyan jiragen da aka ƙera don Atlantika.

Raunin da yaƙi ya tona

Kwana biyar da shiga yaƙi aka yi asarar na farko, kuma ba a harba masa ko harsashi ɗaya ba. An tura Macallé daga Massawa na Eritriya zuwa kusa da Port Sudan a Bahar Maliya, inda zafi ke tsanani. Na'urar sanyaya ɗaki da aka sa wa jiragen Italiya tana aiki ne da wani sinadari mai suna metil kulorayid, wanda idan ya zuba a wuri rufaffe yake sa ciwon kai da jiri da gushewar hankali, har ma ya kashe. Sinadarin ya zuba a cikin Macallé, mutanen ciki suka galabaita, aka yi kuskuren hanya, jirgin ya kafe a kan duwatsun murjani kusa da wani ƙaramin tsibiri na Sudan a ranar 15 ga Yuni, 1940, daga baya ya zame ya nutse. Mutanen sun fita zuwa tsibirin, wanda babu ruwan sha a kansa. Uku daga cikinsu suka shiga ƙaramin kwale-kwale suka nufi gaɓar Eritriya neman agaji, bayan mako guda wani jirgin ƙarƙashin teku mai suna Guglielmotti ya zo ya kwashe su. Mutum ɗaya ya rasu a tsibirin. Irin wannan guba ta addabi wasu jiragen Italiya da ke Bahar Maliya a makonnin nan, abin da ya sa daga baya aka canja sinadarin.

Sauran matsalolin sun fi wannan wuyar gyara. Hasumiyar da ke saman jiragen Italiya, inda kyaftin ke tsayawa, tana da girma, ana hango ta daga nesa, kuma jiragen sun fi na Jamus jinkirin nutsewa idan an gan su. Sai da yaƙi ya yi nisa aka riƙa rage girman hasumiyar. Ruwan Bahar Rum kuma garai-garai yake, ta yadda matuƙin jirgin sama kan iya hango inuwar jirgin da ya riga ya nutse. Jiragen rakiya na Birtaniya suna da na'urar Asdik, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa, ta nuna inda jirgi ya ɓuya, sai a bi shi da bama-baman da ke fashewa a zurfi. A watan Yunin 1940 kaɗai Italiya ta yi asarar jiragen ƙarƙashin teku goma.

Akwai kuma matsalar dabara. Hedikwata a Roma takan ba kowane jirgi wani yanki na teku, ya je ya yi kwanton ɓauna yana jiran abin da zai gifta. Amma da yaƙi ya ɓarke Birtaniya ta karkatar da mafi yawan jiragen kasuwancinta suka riƙa zagayawa ta kudancin Afirka. Abin da ya rage a Bahar Rum galibi jiragen yaƙi ne masu gudu, ko ayarin da aka yi wa rakiya mai ƙarfi. Don haka jirgin Adua kan shafe makonni bai ga abin harbi ba, abin da zai fara gani kuma sau da yawa shi ne mai farautarsa.

Takardun sirri ma sun taimaka wa abokan gaba. A ranar 29 ga Yuni, 1940, jiragen Birtaniya sun tilasta wa Uebi Scebeli tasowa a kudu maso yammacin tsibirin Kirit, kuma kafin ya nutse sojojinsu suka shiga suka kwashe littattafan saƙon sirri. A ranar 18 ga Oktoba irin haka ta faru da Durbo a gabashin Jibraltar. Takardun da aka samu a cikinsa sun nuna inda ɗan'uwansa Lafolè yake, kwana biyu bayan haka aka iske shi aka nutsar da shi. Neghelli ya samu nasarar lalata matsakaicin jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Coventry a Disambar 1940, amma shi ma aka nutsar da shi a watan da ya biyo baya. Tembien kuwa jirgin Hermione ne ya banke shi a Agustan 1941, sannan Adua kansa ya nutse a ƙarshen Satumbar shekarar.

Scirè da harin Iskandariyya

Nasara mafi girma ta zo ne daga aikin da ba a ƙera jiragen dominsa ba. Tun 1935 wasu injiniyoyin sojan ruwa biyu, Teseo Tesei da Elios Toschi, suka ƙirƙiro wani topido mai tafiya a hankali wanda mutum biyu ke hawa kamar doki, sanye da kayan shaƙar iska. Suna tuƙa shi a ƙarƙashin ruwa su shiga tashar abokan gaba, su kwance kansa mai ɗauke da nakiya fiye da kilo 200, su ɗaure a ƙasan jirgi, su saita agogo su gudu. Saboda wuyar sarrafa shi, masu hawansa suka sa masa suna "alade". Yana buƙatar babban jirgi ya kai shi bakin tasha a ɓoye, kuma ƙaramin jirgi irin na Adua ya dace da haka. Aka cire igwar Gondar da ta Scirè, aka ɗora wa kowanne manyan ganguna uku na ƙarfe don ɗaukar aladun.

Gondar bai yi sa'a ba. A ƙarshen Satumbar 1940 jirgin Ostareliya mai suna Stuart da wani jirgin sama suka rutsa shi a yammacin Iskandariyya, mutanensa suka nutsar da shi, aka kama su har da Toschi. Scirè kuwa, a ƙarƙashin Junio Valerio Borghese, ya kai aladu Jibraltar sau da dama. Yunƙurin farko-farko bai yi nasara ba, amma a Satumbar 1941 mahayansa sun lalata jirage uku a can.

A Disambar 1941 aka tura shi Iskandariyya ta Masar, hedikwatar rundunar Birtaniya a gabashin Bahar Rum. Lokacin rundunar tana cikin rauni, domin a watan Nuwamba wani jirgin Jamus ya nutsar da Barham, ya bar wa Admiral Andrew Cunningham manyan jirage masu sulke biyu kacal, Queen Elizabeth da Valiant. Borghese ya ratsa ruwa marar zurfi mai cike da nakiyoyi, ya sauke mutum shida a kan aladu uku a daren 18 ga Disamba. Sun yi sa'a an buɗe ragar ƙarfe da ke tsare bakin tasha don wasu jiragen Birtaniya su shiga, sai suka bi bayansu.

Luigi Durand de la Penne da Emilio Bianchi sun kai nakiyarsu ƙarƙashin Valiant, amma aka kama su, aka tsare su a wani ɗaki a can ƙasan jirgin. Ana saura 'yan mintuna nakiyar ta tashi, de la Penne ya gargaɗi kyaftin ɗin jirgin, Charles Morgan, ya kwashe mutanensa, amma ya ƙi faɗin inda take. Da asubahin 19 ga Disamba nakiyoyin suka tashi. Valiant da Queen Elizabeth sun lalace matuƙa, haka ma jirgin dakon mai Sagona da jirgin rakiya Jervis da ke gefensa. An kama dukkan mutanen shida da rai. Da yake tashar ba ta da zurfi, manyan jiragen ba su kife ba, kuma Birtaniya ta yi ƙoƙarin ɓoye girman ɓarnar daga hotunan jiragen leƙen asiri. Amma Valiant ya shafe watanni ana gyara, har da zuwa Durban, Queen Elizabeth kuma sai da aka kai shi Amurka, bai dawo aiki ba sai 1943. Na ɗan lokaci ayarin da ke kai wa sojojin Italiya da na Jamus kaya a Libiya ya samu sauƙin wucewa, sai dai ƙarancin mai ya hana manyan jiragen Italiya cin moriyar damar yadda ya kamata. A 1945, bayan Italiya ta sauya ɓangare, Morgan da kansa ya liƙa wa de la Penne lambar zinariya ta jarunta a Taranto.

Scirè bai daɗe ba bayan haka. A Agustan 1942, a ƙarƙashin sabon kyaftin, aka tura shi kai hari tashar Haifa. Birtaniya ta riga ta san da zuwansa ta hanyar fassara saƙonnin sirri, kuma a ranar 10 ga watan wani ƙaramin jirgi mai suna Islay ya nutsar da shi da mutum 60 a ciki. A 1984 Italiya ta aika masu nutso suka kwaso gawarwakin 42 daga cikinsu.

Ayarin Malta

Kwana biyu bayan asarar Scirè, wasu jiragen Adua suka samu irin damar da aka ƙera su dominta. Malta tana cikin ƙawanya, abinci da mai sun kusa ƙarewa. Birtaniya ta haɗa ayarin jiragen kaya 14, da rakiya mafi ƙarfi da ta taɓa yi wa ayari a wannan teku, suka shigo ta Jibraltar a ranar 10 ga Agusta, 1942. Wannan karon Italiya ta san hanyar da dole ayarin ya bi, wato ƙuncin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili, sai ta jera jiragenta a can kusa da juna.

 Jirgin rakiya Wolverine ya banke Dagabur cikin dare, babu wanda ya tsira. Da yammacin 12 ga Agusta, dab da ƙarfe takwas, lokacin da manyan jiragen rakiya suka juya baya kuma ayarin yana sake layi don shiga ƙunci, Axum a ƙarƙashin Renato Ferrini ya harba topido huɗu. Sun sami jirage uku: Nigeria, wanda shi ne jirgin kwamandan rakiya Admiral Harold Burrough; Cairo; da jirgin dakon mai Ohio, wanda shi ne mafi muhimmanci a ayarin. Cairo ya lalace har sai da 'yan'uwansa suka ƙarasa nutsar da shi. Nigeria, wanda aka raɗa wa sunan ƙasar da a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, ya rasa mutum fiye da 50, ya koma Jibraltar da ƙyar, daga baya aka gyara shi a Amurka, kuma a 1957 ya koma hannun Indiya da sunan Mysore. Jiragen biyu su ne ke ɗauke da na'urorin da ke ba jiragen sama masu kare ayarin umarni, don haka fitarsu ta bar ayarin cikin ruɗani daidai lokacin da jiragen saman Jamus suka iso. A daren nan Alagi ya daki goshin wani jirgin mai suna Kenya, amma ya ci gaba da tafiya.

Jirage biyar kacal suka isa Malta cikin 14. Ohio na cikinsu. An shigar da shi tasha a ranar 15 ga Agusta, jiragen rakiya biyu na tallafe da shi ta gefe don kada ya nutse. Man da ya kawo ya ba Malta damar ci gaba da kai wa ayarin Libiya hari. Harbin Axum yana cikin mafi inganci da wani jirgin ƙarƙashin teku ya yi a dukkan yaƙin, amma bai hana tsibirin tsira ba.

Daular ta riga jiragen faɗuwa

Lokacin da ake waɗannan nasarori, daular da jiragen ke ɗauke da sunayenta ta riga ta rushe. A farkon 1941 sojojin Birtaniya da na ƙasashen da take mulka, tare da 'yan gwagwarmayar Habasha, suka far wa Gabashin Afirka ta Italiya daga Sudan da Kenya. Birget ta 23 ta sojojin Najeriya, rundunar da Hausa ce harshen aikinta, ta shiga Mogadishu a ranar 25 ga Fabrairu, sannan ta bi gefen kogin Shabelle ta ratsa Degehabur zuwa Jijiga da Harar a watan Maris. Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa a ranar 5 ga Mayu, shekara biyar cif da shigar Italiya birnin. Amba Alagi ya faɗi a watan, Gondar kuma, tungar ƙarshe, ta miƙa wuya a ranar 27 ga Nuwamba. A wannan rana jirage tara daga cikin 17 suna nan suna yawo da sunayen wuraren da ba sa hannun Italiya.

Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Dessiè ya nutse kusa da gaɓar Aljeriya a Nuwambar 1942, Uarsciek a kudancin Malta a Disamba, Ascianghi kuma a gaɓar Sisili a Yulin 1943. Da Italiya ta sanar da ajiye makamai a ranar 8 ga Satumba, 1943, Aradam yana Genoa, Beilul yana Monfalcone, duka a yankin da Jamus ta mamaye, kuma babu wanda ya sake komawa aiki a cikinsu. Axum da Alagi sun koma aiki tare da tsofaffin abokan gaba. Axum ya kafe a gaɓar Girka a ƙarshen Disambar 1943 yayin wani aikin sirri, mutanensa suka tarwatsa shi. Alagi, wanda a Yunin 1942 ya nutsar da jirgin ƙasarsa Usodimare bisa kuskure, shi ne ya ga ƙarshen yaƙi, aka soke sunansa daga rajista a 1947.

Idan aka tara lissafin, ƙirar jiragen ba ita ce babbar matsalarsu ba, domin ukun da Brazil ta saya sun yi aiki har zuwa ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya ci su shi ne an mayar da hankali kan yawan jirage fiye da na'urorin gano abokan gaba, da horon yaƙin dare, da tsaron saƙonni, da haɗin kai tsakanin sojan ruwa da na sama. Sau biyu da aka ba su abin nema takamaimai a wuri sananne, a Iskandariyya da kuma ƙuncin Sisili, sun lalata manyan jirage masu sulke biyu, sun nutsar da matsakaicin jirgi ɗaya, sun raunata wasu biyu. A sauran lokutan sun yi ta sintiri a tekun da ba shi da ganima, inda kowane dare na cika batir yake iya zama na ƙarshe.

Sojan ruwan Italiya na yau ya ci gaba da amfani da sunan Scirè a kan wani jirgin ƙarƙashin teku na zamani, don tunawa da harin Iskandariyya. A Habasha kuwa ranar yaƙin Adwa hutu ce ta ƙasa da ake yi kowace shekara a farkon watan Maris.